Martani A Kan Mas'alar Hana Iyaye Bizar Ziyara

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya rubuta kwanan baya a kan iyayen da 'ya'yansu ke zaune a ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda ake yawan hana su bizar ziyara, kuma ko da yake ina ganin girmansa, ina kuma shaidar cewa ba ƙiyayyar tsofaffi ce ta motsa alƙalaminsa ba, lalle ban ga halin yin shiru ba, domin hukuncin da ya yanke ya fi ƙarfin hujjojin da ya ɗora shi a kansu, waɗanda hukuncin ke faɗa wa kuwa mutane ne da galibinsu ba su da alƙalamin da za su kare kansu da shi. Abin da Malam ya tafi a kai, a taƙaice, shi ne cewa waɗannan ƙasashe suna kan gaskiyarsu idan suka tsananta, domin kowace daula tana da iko da ƙofarta, kuma iyaye da yawa idan sun shiga ba sa fita, sai su zama nauyi a kan asibitocin da ba su taɓa biyan harajinsu ba. Sa'an nan ya rufe da cewa a shari'a da al'ada ɗa ne ke takawa zuwa ga mahaifansa, wanda bai samu iko ba kuwa ga wayar salula nan ta ɗauke masa wahala.

Zancen ikon daula a kan iyakarta ba ni da jayayya a kansa, kuma ban san wani mai hankali da ke jayayya a kansa ba. Amma samun iko daban, yin adalci da shi daban, kuma a kan na biyun nan ne muka saɓa da Malam.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ke faruwa a gaban tagar jami'in biza, domin maƙalar Malam ta wuce wannan wuri da sauri, alhali kuwa a nan ne mas'alar take. A Amurka, sashe na 214(b) na dokar shige da fice ta 1952 ya ɗauka cewa duk wanda ya nemi bizar ziyara mai niyyar zama ne dindindin, har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Wato an fara da tuhuma, sa'an nan aka ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin wanke kansa, saɓanin ƙa'idar da fuƙaha'unmu suka gina shari'a a kanta, cewa asalin mutum kuɓuta ne, kuma kawo shaida yana wuyan mai da'awa. To, da me tsohuwa za ta wanke kanta? Abin da ake dubawa shi ne igiyoyin da za su jawo mutum ya koma gida: aiki mai albashi, takardar banki mai nuna shiga da fitar kuɗi, gida ko fili mai takardar mallaka, miji ko mata da aka bari, ƙananan yara da ke makaranta. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san cewa matar da ta haura shekara 65, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma rashin nasu ba alamar mugun nufi ba ce, alamar tsufa ce kawai. Gidan da take ciki na gado ne, ba a taɓa rubuta shi a ofis ba. Dukiyarta 'yan awaki ne da zubin adashi da abin da 'ya'ya ke aikowa. Igiyoyin da ke ɗaure da ita haƙiƙa, wato maƙwabtan da suka shekara 40 tare, da makarantar Islamiyyar da take zuwa, da jikokin da ke kwana a ɗakinta, da maƙabartar da mijinta ke kwance, babu gurbinsu a fom. Bal ma ɗan da za ta je gani, wanda shi ne dalilin tafiyar, shi ake lissafa mata a matsayin babbar hujjar cewa ba za ta dawo ba. Ta biya dala 185 wadda ba a mayarwa, ta yi doguwar tafiya zuwa Abuja ko Legas ko Akara, a yi mata tambayoyi na 'yan mintoci, a miƙo mata takarda, kuma babu wata kotu da za ta kai ƙara.

A Ingila ma hanya ta ƙuntata a hankali a hankali, kuma da gangan. A watan Yuli na 2012, lokacin Theresa May tana ministar cikin gida, aka sauya ƙa'idar kawo iyaye su zauna, aka ce sai an tabbatar tsoho yana bukatar mai kula da shi a al'amuransa na yau da kullum, kuma ba za a iya samun wannan kulawa a ƙasarsa ba ko da da kuɗin ɗansa, sharaɗin da ƙalilan ne ƙwarai ke iya cikawa. Da ƙofar zama ta rufe haka, sai ya kamata a ce ƙofar ziyara ta ƙara buɗewa, amma a watan Yuni na 2013 aka soke haƙƙin ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana bizar ziyarar dangi, kuma a wannan shekara aka yi yunƙurin sa wa baƙi daga ƙasashe shida, ciki har da Nijeriya da Ghana, ajiyar fam 3,000 kafin su shiga, sai da ƙorafi ya yi yawa aka janye. A 2019 wasu kwamitocin 'yan majalisar Ingila da kansu suka fitar da rahoto mai nuna cewa ɗan Afirka ya fi mutanen sauran nahiyoyi yiwuwar a hana shi biza fiye da ninki biyu. Idan masu gidan sun ga aibin ma'auninsu har suka rubuta shi, ban ga abin da zai sa marubuci daga cikinmu ya tsaya yana rantsuwa a kan daidaitarsa ba.

Malam ya ce iyaye suna shiga su ƙi fita. Ana samun haka, kuma ba zan ɓoye ba. Sai dai Malam bai kawo mana adadi ba, ya gina hukunci na gaba ɗaya a kan labarai ɗaiɗaiku, alhali kuwa zato ba ya tsayawa a matsayin yaƙini, kuma Alƙur'ani ya karantar da mu a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Wanda ya saɓa alkawari a hukunta shi, a hana shi dawowa, a kuma riƙe ɗan da ya tsaya masa. Wannan adalci ne, kuma hukumomin nan suna da kwamfutoci da hoton yatsu da za su gane shi da su. Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda nake roƙon Malam ya yi masa duban basira: tsananin da yake yabo shi ne ke haifar da cutar da yake tsoro. Tsohon Bahaushe, ko Basomale, ko mutumin Kabul, ba ya sha'awar ƙare rayuwarsa a bene na goma a garin da rana ke faɗuwa da ƙarfe 4 a lokacin hunturu, inda ba ya jin harshen maƙwabcinsa, ba ya jin kiran salla, 'ya'ya sun tafi aiki, jikoki sun tafi makaranta, shi kuwa yana zaune yana kallon taga. Duk wanda ya taɓa saukar da mahaifi a irin waɗannan ƙasashe zai ba da shaidar cewa tun kafin wata biyu ya cika ake fara tambayar ranar komawa. Abin da ke sa wasu su daure su zauna shi ne sanin cewa wannan biza da aka samu bayan an sha hani sau da yawa, la'alla ita ce ta ƙarshe, kuma fita daga ƙasar yana iya zama rabuwa da ɗa har abada. Unguwar da famfo ke kawo ruwa kullum ba a cika randuna da duro. Sai inda ruwa ke zuwa sau ɗaya a wata ake tara shi har ya lalace. Wanda ya amince cewa zai iya dawowa baɗi, da kansa yake haɗa kayansa.

Wannan magana ba ƙiyasi ba ce kawai, domin an jarraba ta a aikace. A ƙarshen 2011 gwamnatin Kanada ta ga takardun neman kawo iyaye da kakanni sun taru sun kai kimanin 165,000, mutane suna jira shekaru masu yawa, wasu har ajali ya riske su a layi, sai ministan shige da fice na lokacin, Jason Kenney, ya dakatar da karɓar sababbin takardu, ya kuma buɗe wata biza ta musamman da suka raɗa wa suna Super Visa. Ana ba da ita har tsawon shekara 10, mutum ya shiga ya fita yadda ya so, kuma a kowace shiga yana iya zama har shekara 2, wanda daga watan Yuli na 2022 aka ƙara shi zuwa shekara 5. Sharuɗɗanta a bayyane suke: ɗa ko jika ya zama ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, ya rubuta takardar gayyata yana mai ɗaukar nauyi, ya nuna samunsa ya kai wani ƙayyadadden mizani gwargwadon yawan iyalinsa, tsoho ya yi gwajin lafiya, a kuma saya masa inshorar lafiya ta shekara guda wadda ba ta gaza dalar Kanada 100,000 ba. Abin lura shi ne, gwamnatin da ta ƙago wannan tsari ta masu ra'ayin mazan jiya ce, ba wadda aka sani da sakin ƙofa ba, gwamnatin da ta gaje ta kuma, maimakon ta soke shi, sai ta faɗaɗa shi. Ostireliya ma ta buɗe irin wannan a 2019, ta shekara 3 ko 5, ko da yake kuɗinta yana da tsada ƙwarai. Da iyaye sun kasance masu cin amana kamar yadda Malam ya siffanta su, da ba a yi shekara fiye da 10 ana ƙara musu wa'adi ba.

Da wannan ne kuma hujjar asibiti ke faɗuwa, domin abin da inshora ta ɗauke ba ya hawa kan mai biyan haraji. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen sun daɗe suna shardanta inshorar da ta kai Yuro 30,000, a Ingila kuwa tun 2015 baƙon da ya kwanta a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin, kuma bashin da bai biya ba yana iya hana shi biza nan gaba. Sa'an nan Malam ya lissafa abin da tsohuwa za ta ci, ya manta da abin da take kawowa. Asibitocin Ingila da Kanada cike suke da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Afirka da Asiya, waɗanda ƙasashensu matalauta suka ilmantar, kuma su ne ke kwana a kan tsofaffin Turawa suna juya su, suna ba su magani. Idan ɗaya daga cikin waɗannan mata ta haihu, a wurinmu an san uwa ce ke zuwa, ko a kai mai ciki gida idan haihuwar fari ce, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa, a riƙe mata jariri ta runtsa, har a yi arba'in. A ce wa macen da ke jinyar iyayen wasu ba za a bar tata uwar ta zo ta zauna da ita kwana 40 ba, ban san sunan da za a ba wannan mu'amala ba in ba rashin godiya ba.

Yanzu sai hujjar da Malam ya fi dogara a kanta, wadda kuma ta fi kama da gaskiya, cewa ɗa ne ke zuwa wurin iyaye. Ya kawo karin maganar nan cewa zumunta a ƙafa take, ya kuma ambaci hadisin mutumin da ya zo yin mubaya'a a kan hijira ya bar iyayensa suna kuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya koma ya faranta musu kamar yadda ya sa su kuka. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari a haƙƙin wanda ke da iko, kuma ina tare da Malam wajen zargin 'yan ci-ranin da ke da fasfo da kuɗi da hutu, amma su shekara 10 ba su taka ƙofar gidan ubansu ba. Sai dai Malam ya haɗa ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira a hukunci guda, alhali illarsu ba ɗaya ba ce. Yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda ita ce tushen dokar mafaka a duniya, ta tanadi cewa wanda ya koma da son ransa ƙarƙashin kariyar ƙasar da ya gudo daga gare ta, matsayinsa na ɗan gudun hijira yana iya faɗuwa. Takardar tafiya da ake ba shi a madadin fasfo, bisa al'ada, tana aiki a ƙasashe ban da ƙasarsa ta asali. A Kanada, tun daga gyaran dokar 2012, wanda aka yanke wa hukuncin cewa ya koma ga kariyar ƙasarsa yana iya rasa har takardar zamansa ta dindindin, ko da ya shekara da yawa a can, ko da dubiyar mahaifi ce ta kai shi. Wannan kuwa ban da hatsarin da ya kore shi tun farko, wanda sau da yawa yana nan yana jiransa a filin jirgi. Idan aka ƙara da cewa tsarin haɗa iyalan 'yan gudun hijira a yawancin waɗannan ƙasashe ya tsaya ne a kan miji ko mata da ƙananan yara, iyayen baligi ba sa ciki, sai a ga cewa mutumin nan ba shi da hanyar zuwa, ba shi da hanyar ɗauko su su zauna, abin da ya rage masa ziyararsu ce kaɗai. Wanda ya toshe wannan, sa'an nan ya ce masa ya yi birrul walidaini da ƙafarsa, ya kallafa masa abin da ba zai iya ba, malamai kuwa sun haɗu a kan cewa shari'a ba ta kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Ina mamakin yadda Malam, da yawan karatunsa, ya tsallake ƙissar Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ke cikin Bukhari da Muslim, alhali ita ce nassin da ya fi kusa da mas'alarmu. Asma'u muhajira ce a Madina, mahaifiyarta kuwa tana Makka a kan shirka, sai ta taso a lokacin sulhu da Ƙuraishawa ta zo wurin 'yarta. Asma'u ta nemi fatawa, Manzon Allah ya umarce ta ta sada zumuncin mahaifiyarta, kuma malaman tafsiri da yawa sun ambaci wannan ƙissa a sababin saukar aya ta 8 ta Suratul Mumtahana. A dubi wannan da kyau: uwa ce ta yi tafiyar, 'ya ce ke gudun hijira, uwar ta fito ne daga garin da aka yi yaƙi da shi a Badar da Uhudu da Handaƙ, duk da haka ba a tsare ta a bakin gari ana tambayarta shaidar cewa za ta koma ba.

Halin Sudan ya isa misali a zamaninmu, kuma ya shafe mu kai tsaye, domin a can akwai Hausawa da Fulani masu ɗimbin yawa, zuriyar mahajjata da muhajiran da suka bi hanyar gabas, musamman bayan 1903, waɗanda suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ofisoshin jakadanci suka kwashe ma'aikatansu, fasfo ɗin mutanen da suka nemi biza suka maƙale a ciki, na ofishin Amurka ma lalata su aka yi kafin a fita, mutane fiye da miliyan 10 kuma suka bar gidajensu. Tsohon da ya tsira zuwa Alƙahira ko Addis Ababa ko Kampala, idan ya nemi zuwa ganin ɗansa, sai a ce masa ba shi da abin da zai koma wa, wato musibar da ta same shi ita ce hujjar hana shi. Kanada ta buɗe wata hanya ta musamman ga dangin mutanen Sudan a Fabrairun 2024, amma ta fara ne da ƙayyade ta ga takardu 3,250, a watan Yuni na 2025 kuwa Amurka ta sa Sudan da Chadi cikin ƙasashe 12 da ta rufe wa ƙofa. Na san abin da Malam zai ce: irin wannan tsoho idan ya shiga zai nemi mafaka. Wasu za su nema, haƙiƙa. Amma idan mutum ya cancanci mafaka bisa dokar da ƙasar ta sa wa hannu da kanta, ɗansa kuma yana nan yana aiki, a shirye yake ya ciyar da shi ya ba shi ɗaki, to wace mafsada ce ake gudu wadda ta fi barin dattijo ɗan shekara 75 a ɗakin haya a garin da bai san kowa ba?

Zancen waya kuwa ba zan tsawaita a kansa ba. Ni'ima ce, kuma ta rage raɗaɗi. Amma ba a ɗora jariri a cinyar kaka ta WhatsApp, ba a shafa kan mara lafiya a tofa masa addu'a, ba a kuma gane cewa uwa ta rame ko ta fara mantuwa, domin iyayenmu sun ƙware wajen cewa lafiya lau.

Ba na ɗauke laifi daga namu ɓangaren. Akwai dillalan biza da ke ƙirƙiro takardun banki na jabu su cusa a fayil ɗin tsohuwar da ba ta san abin da aka rubuta da sunanta ba, a kama, a haramta mata shiga Ingila har shekara 10. Akwai kuma 'ya'yan da ke mayar da uwa mai raino ba albashi, su riƙe ta bayan wa'adinta ya ƙare, su ɓata hanya ga na baya. Waɗannan ya kamata limamai da shugabannin al'ummominmu a can su yi wa'azi a kansu da sunan cin amana, domin biza alkawari ce, kuma fiƙihu ya san hukuncin wanda ya shiga ƙasar wasu da aminci. Tsarin Kanada ma bai kuɓuta daga aibi ba, tunda mizanin samu da kuɗin inshora sun fi ƙarfin sabon ɗan gudun hijira mai aikin ƙarfi, wanda shi ne ya fi kowa bukatar wannan ƙofa, kuma ya kamata a yarda 'yan'uwa su haɗa samunsu, ko wata ƙungiyar al'umma ta tsaya masa. Abin da nake nema daga waɗannan ƙasashe, wanda nake fata Malam zai sa alƙalaminsa tare da namu a kansa, shi ne a ware bizar iyaye daga ta 'yan yawon buɗe ido, a auna ta da amanar ɗan da ya tsaya maimakon dukiyar tsohon da ke nema, a rubuta wa wanda aka hana dalili filla-filla, a mayar masa da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali, a kuma tanadi hanya ta gaggawa ta 'yan kwanaki domin haihuwa da rashin lafiya mai tsanani da jana'iza.